Babi na Bakwai: Ina Jirgin Zai Faɗi?

Duk wanda ya taɓa kallon wasan jiragen sama, ko a talabijin ne ko a waya, da wuya bai yi wa kansa wannan tambaya ba: yaya aka yi hukuma ta yarda a tara dubban mutane, har da yara a wuyan iyayensu, sannan a saki jiragen yaƙi su riƙa alkafura a gabansu? Jirgin fasinja, wanda ake lallaɓawa a tashi a sauka, dokokinsa sun cika littattafai. To, wanda aikinsa shi ne ya kife, ya mirgina, ya sulmiyo har ya kusa shafar ciyawa, wace doka ce za ta iya riƙe shi?

Masu rubuta waɗannan dokoki sun daɗe da sallamawa cewa wata rana jirgi zai faɗi. Inji yana mutuwa, tsuntsu yana faɗawa cikin inji, gwanin matuƙi ma yana kuskuren lissafi da sakan ɗaya. Saboda haka abin da suka sa a gaba shi ne, ranar da abin ya auku, tarkace da wuta su zuba a inda babu kowa. Kusan kowace ƙa'ida da za mu gani a wannan babi daga nan ta tsiro, kuma yawancinsu sai da aka binne mutane kafin aka rubuta su.

Tudun 'yan kallo

A ranar 6 ga Satumba, 1952, jama'a sun cika filin Farnborough da ke kudancin Ingila don kallon sababbin jirage. Zamanin ne da jirage masu injin jet suka fara zarce sauti gudu, kuma mutane na biyan kuɗi musamman don su ji ƙarar da hakan ke haifarwa, mai kama da tsawa. John Derry, ɗaya daga cikin shahararrun matuƙan gwaji na ƙasar, ya sulmiyo da jirgin DH.110 na kamfanin de Havilland, ya ba su ƙarar da suka zo ji, ya zagayo don ya sake wucewa. Yana cikin juyawa ya nufo wajen jama'a, sai fiffiken jirgin ya karye, jirgin ya wargaje a sama.

Ƙarfe ba ya tsayawa don jirgin da yake jiki ya tarwatse. Injinan sun ci gaba da tafiya a kan hanyar da jirgin ya fuskanta, ɗaya ya afka wa wani tudu da 'yan kallo suka hau don su fi gani sosai. 'Yan kallo 29 suka mutu, ga Derry da abokin aikinsa Anthony Richards. Abin da zai ba mai karatu na yau mamaki shi ne ba a tashi taron ba. Ana kwashe tarkace daga titin jirgi, wani matuƙin, Neville Duke, ya tashi da nasa jirgin, aka ci gaba da wasa.

Amma bayan wannan rana Birtaniya ta kafa ƙa'idar tazara: jirgin jet ba zai kusanci jama'a ƙasa da mita 230 ba in yana wucewa a miƙe, in kuwa juyi ne da zai sa ya fuskance su, mita 450. Shekara 63 aka yi bayan haka ba a sake rasa ran ɗan kallo ba a wasannin jirage na ƙasar, duk da cewa matuƙa da yawa sun mutu a tsakani. Suna faɗuwa ne a fili, a gaban mutane, ba a kansu ba.

An hana jafi

Tazara kaɗai ba ta wadatar ba, kuma lissafi mai sauƙi zai nuna dalili. Jirgin da ke gudun kilomita 555 a awa yana cin kusan mita 154 a kowane sakan. Ke nan mita 230 tafiyar sakan ɗaya da rabi ce a wurinsa. In da a tazarar kawai kariya take, da ba ta da wani amfani. Abin da ya fi muhimmanci shi ne inda hancin jirgin ya dosa a lokacin da matsala ta taso, domin can ne duk abin da ya ɓalle zai tafi.

Wanda ya san hawan sallah zai gane wannan nan take. In mahaya suna sukuwa ta gaban jama'a, daga hagu zuwa dama, doki ya yi tuntuɓe, gaba zai wuntsila, a kan hanyarsa. Amma a wajen jafi, inda ake sako dawakai a guje a nufo sarki sai an zo dab da shi a ja linzami a tsaya cak, komai ya rataya ne a kan linzamin nan da hannun da ke riƙe da shi. Jafi shi ne ƙololuwar kwalliyar hawa. A wasan jirage kuwa shi ne abin da aka fi tsananta hanawa, domin jirgi ba shi da linzamin da zai tsayar da shi a sama.

Jamus ta koyi wannan a ranar 28 ga Agusta, 1988, a sansanin sojan saman Amurka da ke Ramstein, gaban mutane kimanin 300,000. Tawagar sojan saman Italiya mai suna Frecce Tricolori, jirage goma, tana wani salo da ta yi suna a kai: jirage biyar su bi ta wani gefe, huɗu ta ɗaya gefen, su zana hoton zuciya da hayaƙi a sama, su sauko su gitta juna a ƙasa, sannan na goma ya ratso tsakiyar zuciyar kamar kibiya. Hanyar wannan na goma ta nufo jama'a ne kai tsaye. Ran nan ya iso mahaɗar a ƙasa da yadda ya kamata, a daidai lokacin da sauran ke gittawa, ya yi karo da su. Jirage biyu suka faɗi a gefen titi. Nasa kuwa ya ci gaba da tafiya inda ya dosa, yana ci da wuta, ya faɗa cikin mutane. Mutum 70 suka rasu, uku matuƙa, sauran mutanen ƙasa, ɗaruruwa kuma suka ƙone.

Abin da ya biyo baya ya ƙara muni. Ba a shirya wa bala'i mai wannan girma ba. An loda masu ƙuna a motoci ba tare da likita ba, wasu direbobin ba su san hanyar asibitoci ba, kuma allurar ƙarin ruwa da sojojin Amurka suka sa wa majinyata ba ta dace da kayan aikin Jamusawa ba. Jamus ta dakatar da irin waɗannan wasanni na wasu shekaru, da ta dawo da su kuma ta ƙara tazara ta haramta salon da ke nufo jama'a. Tun daga nan tsarin ceto, wato motocin kashe gobara, likitoci, hanyar fitar da masu rauni da sanar da asibitoci tun kafin ranar, ya zama wani ɓangare na sharuɗɗan ba da izini a ƙasashe da yawa.

Fagen da ba a gani

Ɗan kallo yana ɗaga kai ya ga sararin sama fetal, ya ɗauka jirgin na yawo ne inda ya ga dama. A zahiri an shata masa fage, mai tsawo da faɗi da iyakar sama da ƙasa, an zana shi a taswira tun watanni kafin ranar. A gefen da ke kusa da jama'a akwai layin da ba a ƙetarewa, kuma ana yi masa alama yadda matuƙi zai gan shi daga sama: wani lokaci titin jirgin kansa ne, wani lokaci manyan ƙyallaye masu haske ko motoci da aka jera, in a bakin teku ne kuma jiragen ruwa ko balan-balan masu yawo a ruwa. Duk wanda ke da gida ko gona a ƙarƙashin fagen nan, ko dai ya fita na tsawon wasan, ko a sauya fagen.

A Amurka hukumar FAA ta kasa jirage gida uku gwargwadon gudunsu. Masu gudun da ya haura kimanin kilomita 450 a awa, layinsu na nesa da jama'a da ƙafa 1,500. Matsakaita ƙafa 1,000, ƙananan jirage marasa gudu kuma ƙafa 500. A doka ta yau da kullum, alkafura a ƙasa-ƙasa ko kusa da taro laifi ne. Abin da mai shirya wasa ke nema a wurin hukuma shi ne takardar sassauci, wadda ta ɗage masa waɗannan dokoki na 'yan sa'o'i, a wuri ƙayyadadde, bisa sharuɗɗa. A Birtaniya hukumar CAA ce ke ba da izinin, kuma ta tattara ƙa'idojin a wani kundi mai suna CAP 403 da take sabuntawa a kai a kai.

Gajimare ma yana da nasa hukunci. Tawagar Red Arrows ta sojan saman Birtaniya tana da wasa iri uku da ta haddace. In gajimare ya yi sama da ƙafa 5,500, sai su yi cikakke mai alkafura. In ya sauko zuwa 2,500, sai su taƙaita a kan mirgine-mirgine. In ya kai 1,000, sai wucewa da juyi kawai. Ba a yarda matuƙi ya ƙirƙiro sabon salo a sama don ya ga yanayi ya canja ba. Abin da ya gwada a atisaye shi zai yi.

Wa ya isa ya yi wasa?

Lasisin tuƙi, ko da na babban jirgin fasinja ne, ba ya ba mutum damar yin wasa a gaban jama'a. Akwai wata takarda daban, kuma ba a samunta sai wani gogaggen ɗan wasa da hukuma ta amince da shi ya tsaya a ƙasa ya kalli mutum yana yi, ya yi masa tambayoyi, ya sa hannu. A Amurka ana hawa ne mataki-mataki, ko kuma a ce ana sauka: sabon shiga ba zai yi alkafura ƙasa da ƙafa 800 ba, in ya gogu a sauko da shi 500, sannan 250, sai can daga baya a bar shi ya yi har dab da ƙasa. Ana sabunta takardar, kuma wanda ya daɗe bai yi atisaye ba bai da hurumin fitowa fage.

Akwai rauni a wannan tsari, kuma gara a faɗe shi. 'Yan wasan jirage ba su da yawa a kowace ƙasa, duk sun san juna. Mai jarrabawa da wanda ake jarrabawa sau da yawa abokai ne, sun ci abinci tare a filaye daban-daban shekara da shekaru. Hukuma ba ta da isassun ƙwararrun da za su iya tantance alkafurar jirgin yaƙi na zamanin da, dole ta jingina da waɗannan mutane. Ka ce wa abokinka bai ci ba, da sanin cewa da wannan yake samun abin kai wa bakin salati, ba ƙaramin abu ba ne.

Jirgin ma ana tantance shi, musamman tsofaffin da ake ji da su. A gasar tseren jirage ta Reno a Amurka, ranar 16 ga Satumba, 2011, wani jirgin yaƙin duniya na biyu samfurin P-51, wanda aka yi wa gyare-gyare don ƙarin gudu, ya ƙwace ya faɗa gaban rumfar 'yan kallo, ya kashe matuƙin da mutum goma. Masu bincike sun gano cewa wasu 'yan notuna da suka tsufa ne suka saki a wani ƙaramin sashe na wutsiyar, kuma manyan sauye-sauyen da aka yi wa jirgin ba a gwada su yadda ya kamata ba, ba a kuma rubuta su ba.

Mai cewa a tsaya

Ranar wasa, akwai mutum ɗaya da kowa ke ƙarƙashinsa, wato daraktan wasan. Da safe yakan tara matuƙa ya karanta musu yanayi, jerin fitowa, iyakar fage, da abin da za a yi in inji ya mutu ko rediyo ta ɗauke. Wanda bai samu wannan bayani ba ba zai tashi ba, komai sunansa. Da an fara, darakta da mataimakansa, waɗanda galibi tsofaffin matuƙa ne, suna tsaye a wurare daban-daban suna auna tsayi da tazara da ido. In matuƙi ya yi ƙasa da yawa ko ya matso, a gargaɗe shi ta rediyo. In abin ya kai, a ce ya tsaya, kuma wannan umarni ba a gardama da shi a sama. Sai an sauka a yi magana.

A takarda abin ya yi kyau. A fili kuwa, mutumin nan yana tsaye ne tsakanin jama'ar da suka biya kuɗi, da masu ɗaukar nauyi, da matuƙin da wataƙila ya fi shi suna. A ganina, ingancin duk wani wasan jirage yana ga wannan mutum fiye da yadda yake ga kaurin kundin dokoki.

Idan shiri ya yi rauni, abin da ke faruwa ke nan. A filin Sknyliv kusa da birnin Lviv na Yukren, ranar 27 ga Yuli, 2002, jirgin yaƙi samfurin Su-27 ya kasa miƙewa daga wani juyi a ƙasa-ƙasa, fiffikensa ya taɓa ƙasa, ya wuntsila cikin jama'a. Mutum 77 suka mutu, 28 daga ciki yara, kuma har yau ba a yi asarar rayuka kamar wannan a wasan jirage ba. Matuƙan biyu sun tsira da laima. Sun ce taswirar da aka ba su ba ta nuna ainihin inda jama'a suke ba, kuma sun nemi ƙarin atisaye a filin an hana su. Kotun soja ta ɗaure babban matuƙin shekara 14, mataimakinsa 8, ta kuma hukunta wasu daga cikin jami'an da suka shirya taron.

Ko a ƙasar da ke da dokoki birjik ana samun irin wannan. A Dallas, ranar 12 ga Nuwamba, 2022, tsofaffin jiragen yaƙi biyu, B-17 da P-63, suka yi karo a sama, mutum shida da ke cikinsu suka mutu. Hukumar bincike ta NTSB ta ce ba a tsara tun a ƙasa yadda za a raba tsayin jiragen ba. An bar abin ga umarnin da darakta zai riƙa bayarwa nan take ta rediyo, da kuma idon matuƙa. Sai dai a lura, babu ɗan kallo ko ɗaya da ya ji rauni. Yawancin tarkacen ya zuba ne a cikin filin, nesa da shingen jama'a.

Waɗanda ba su sayi tikiti ba

Duk abin da muka faɗa zuwa yanzu yana kare wanda ke cikin shinge ne. To, wanda ke wucewa a hanya fa, bai ma san ana wani wasa ba?

Ranar Asabar 22 ga Agusta, 2015, ana wasa a ƙaramin filin jirgi na Shoreham a gaɓar kudancin Ingila. Andy Hill, tsohon matuƙin sojan sama kuma kyaftin ɗin jirgin fasinja, ya shigo da Hawker Hunter, jirgin yaƙi na shekarun 1950, zai yi alkafura: ya miƙe sama, ya kife, ya zagayo ƙasa. Irin wannan salo yana da ma'auni biyu da matuƙi ke dubawa. Na farko gudun da ya shiga da shi, na biyu tsayin da ya kai a ƙololuwa kafin ya juyo da hanci ƙasa. In ya duba a can sama ya ga tsayin bai kai ba, akwai hanyar fita: ya mirgina ya daidaita jirgin, ya haƙura da salon. Da zarar ya wuce wannan gaɓa ya nufo ƙasa, to babu sauran dabara, sarari ne kawai ko ya ishe shi ko bai ishe shi ba.

Rahoton hukumar binciken haɗurra ta AAIB, wanda ya fito a Maris 2017, ya nuna cewa jirgin ya shiga salon ba da isasshen gudu ba, injin kuma ba a kan cikakken ƙarfinsa ba. Ya kai kimanin ƙafa 2,700 a ƙololuwa, alhali yana bukatar aƙalla 3,500. Matuƙin bai fita ba, ya ci gaba. Jirgin ya sauko a kan babbar hanyar A27 da ke gefen filin, cike da motoci. Mutum 11 suka mutu, kuma ba ɗaya daga cikinsu da ke cikin filin wasan. Akwai 'yan ƙwallo biyu da ke hanyar zuwa wasansu, akwai direban da zai je ɗauko amarya, akwai masu keke, akwai waɗanda suka tsaya a bakin titi suna kallo kyauta. Matuƙin ya ji mummunan rauni amma ya rayu.

Rahoton bai tsaya a kan matuƙi ba, kuma nan ne darasin yake ga masu doka. Ba a taɓa koya masa hanyar fita daga wannan salo a cikin Hunter ba. Takardarsa ta wasa an sabunta ta ne da wani jirgi daban, doka kuma ta yarda da hakan. Masu shirya taron ba su san dalla-dalla salon da zai yi da inda zai yi shi ba, don haka nazarin haɗarin da suka rubuta bai yi la'akari yadda ya kamata da mutanen da ke wajen shinge ba. Layin tazara yana nan, an kiyaye 'yan kallo da shi. Amma jirgi mai irin wannan gudu ba ya iya juyawa a cikin ɗan filin Shoreham, dole ya fita ya zagayo ta kan hanyoyi da gidajen mutane.

Ba wannan ne karo na farko ba. A Sacramento ta Amurka, a Satumba 1972, wani jirgin Sabre da ke barin wajen wasa ya kasa tashi, ya tsallaka titi ya afka shagon shan askirim, ya kashe mutum 22, 12 yara. A Satumba 2023 ma jirgin Frecce Tricolori ya faɗi jim kaɗan da tashi kusa da Turin, ya faɗa wa motar wani iyali a hanyar da ke gefen filin, yarinya 'yar shekara biyar ta rasu.

Bayan Shoreham, CAA ta dakatar da tashin duk jiragen Hunter na farar hula, ta hana tsofaffin jiragen jet yin alkafura a kan tudu na wani lokaci, ta tsaurara sharuɗɗan takardar matuƙa da horon daraktoci, ta kuma wajabta a lissafa hanyoyi, gidaje da wuraren da 'yan kallon kyauta ke taruwa. Kuɗin izini ya tashi, wasu ƙananan wasanni na ƙauyuka suka mutu. Masu sha'awar abin sun yi ƙorafi cewa an hukunta kowa saboda laifin mutum ɗaya, kuma ƙorafin nasu ba duka ne banza ba. A 2016 Red Arrows da kansu suka ce ba za su yi alkafura a Farnborough ba, saboda garin ya riga ya kewaye filin da gidaje.

Shari'a kuwa ta rabu biyu. A Maris 2019 masu taya alƙali yanke hukunci a kotun Old Bailey ta Landan suka wanke Hill daga tuhumar kisa ta hanyar mummunan sakaci, bayan lauyoyinsa sun ce hankalinsa ya gushe a cikin jirgin, wataƙila saboda matsin da juyi ke yi wa jini a jiki. A Disamba 2022 kuma alƙaliyar binciken musabbabin mutuwa ta yanke cewa an kashe mutanen 11 ne ba bisa ƙa'ida ba. Iyalan sun jira fiye da shekara bakwai kafin su ji wannan.

Idan jirgin na soja ne

A ƙasashenmu ba a cika shirya wasan jirage na kuɗi ba. Abin da yawancinmu muka sani shi ne shawagin jiragen soja a bikin samun 'yancin kai ko ranar rantsar da shugaba. Nan kuma akwai wani bambanci da ya kamata a sani: hukumomin farar hula, irin su NCAA a Najeriya, jiragen farar hula suke sa wa ido. Jirgin soja yana ƙarƙashin dokokin soja ne, a kusan ko'ina a duniya. Birtaniya ta kafa wata hukuma ta daban a 2010 don sa ido a kan lafiyar jiragen sojanta, wadda ba ta ƙarƙashin kwamandojin da ke ba da umarnin tashi, kuma tana da nata ƙa'idojin wasa.

Shawagin biki ya fi alkafura sauƙi, amma jirage na tafiya kusa da juna, a kan birni, ba a kan fili da aka kwashe mutane ba. Ranar 28 ga Satumba, 2018, ana atisayen bikin cikar Najeriya shekara 58, jiragen F-7 biyu na sojan sama suka gogi juna a sararin Abuja suka faɗi a yankin tsaunin Katampe. Matuƙan sun fice da laima, ɗaya daga cikinsu, Bello Baba-Ari, ya rasu. Wanda ya san Abuja ya san tazarar da ke tsakanin Katampe da unguwanni masu cunkoso ba wata mai yawa ba ce. Tambayoyin da aka yi a Shoreham, ta ina jirgin zai bi, me ke ƙarƙashinsa, wa ke da ikon cewa a fasa in hazo ya sauko, su ne dai tambayoyin da suka dace da kowane shawagi a kan Dandalin Eagle na Abuja, kuma atisaye na bukatarsu kamar yadda ranar bikin ke bukata.

Mai karatu zai lura cewa a duk waɗannan labarai muna ta cewa "bincike ya nuna". Jirgin Hunter na Shoreham bai da baƙin akwatin da ke naɗar bayanan tafiya, amma masu bincike sun iya faɗin tsayinsa da gudunsa sakan bayan sakan, daga 'yan kyamarorin da ke cikin jirgin, da hotunan da jama'a suka ɗauka, har da sautin injin da ya shiga bidiyonsu. Yadda ake wannan aiki, da dalilin da ya sa doka ta raba mai neman musabbabi da mai neman wanda za a hukunta, shi ne abin da babi na gaba zai duba.